Na Goge Hannun Babansa

Jama'a, sallama gare ku. Yau alfarma ɗaya nake nema: kada kowa ya zage ni sai ya kai ƙarshe. In kun kai kuma, bismillah, ba zan hana ku ba, don ni ma abin da nake yi wa kaina ke nan.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Ruƙayyatu, a Batsari nake. Na yi difiloma a fannin kwamfuta, na dawo gida ina zaman jiran aikin da babu shi. Wanda nake so sunansa Uwaisu. Yana da ɗan shago a Safana kusa da tasha, inda yake zana katin biki da kalanda da sitika a wata tsohuwar laftof da aka ɗaure wa murfi da salatif. Asalinsu mutanen wani ƙauye ne can bayan Wagini. Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, a firamaren da Abbana ke koyarwa aka sauke su, ni kuma ina cikin masu kai musu kunu da safe. Nan na fara ganinsa, zaune a bencin 'yan aji biyu, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Mahaifinsa bai fito tare da su ba, a can aka binne shi.

Bakina ne ya jawo komai, wannan bakin nawa da ba ya iya zama wuri ɗaya.

Wata Juma'a Abba ya dawo daga masallaci yana cin dambu a ƙarƙashin rumfa, sai ya ce, "Wai shi yaron nan, sana'ar tasa tana riƙe shi kuwa a wannan tsadar?"

Maimakon in ce "tana riƙe shi, Abba" in tsuke bakina, sai na tashi nuna ilimi. Na ce ai ba ya kashe komai a kan kayan aiki, don daga Windows ɗin da ke tafiyar da kwamfutar har manhajar zanen duk fasassu ne.

Abba ya ajiye cokali. "Fasassu kamar yaya?"

"Wato an cire musu makulli ne, Abba. Kowa ma haka yake yi."

"Masu su sun yarda?"

Na girgiza kai, Abba ya ci gaba.

"To ki kira abu da sunansa mana, Ruƙayya. Ni ban ce yaron ɓarawo ba ne, na ga yadda ya riƙe uwarsa. Amma in mutum ya yi noma da garmar da ya ɗauko ba da izinin mai ita ba, ban san sunan da zan ba hatsin ba, kuma ba na so jikokina su tashi da shi. Ya gyara wannan, sannan ya turo manyansa."

Wanda ya san Abbana Malam Armaya'u ya san ba a maimaita masa magana. Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da cin dambu, ni kuwa na shige ɗaki ina jin kamar in mari kaina.

Sayen na gaskiya da dala ake yi, a shekarar da kwanon masara ya koma abin da ake kallo a wuce. Sai na tuna da Linux. Shi ma tsari ne da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, sai dai masu shi sun yafe wa duniya, da shi da manhajojin zanensa, halal tsantsa. Na hau kan katifa inda sabis ke ɗan kamawa ta taga, na fara tura wa Uwaisu saƙo.

"Injiniya, ni fa tsoro nake ji," ya rubuto. Haka yake kirana in yana so ya ja ni. "Hannuna ya saba da wannan."

"Hannu ai koyo yake yi, Yaya Uwaisu."

"Ayyukan mutane fa? Akwai kalandar 'yan ƙungiyar manoman gyaɗa da ban gama ba."

"Zan juya maka su duka su buɗe a sabuwar. Ko ɗigo ba zai ɓata ba."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar tana fitowa tana ɓacewa. Sai na tura masa makamin da na san ba shi da maganinsa: "Ka yarda da ni ko ba ka yarda ba?"

"Haba dai. Gobe zan kawo."

Washegari ya zo a kan babur. Ya naɗe laftof ɗin a cikin darduma, ya cusa a buhun taki, don kada a hanya ta yi kama da abin da take. Na fito zaure cikin atamfata shuɗiya mai zanen ganye, da hijabi ruwan toka, har da ɗan kwalli, ina tafe ina jin kaina. Shi kuwa yadinsa ruwan ƙasa duk ya yi gumi, gefen hularsa ya jiƙe. Na kawo masa ruwan randa a kofin silba, na jona filas ɗina na ajiyar bayanai na fara kwashe kaya. Foldar katin biki, foldar kalanda, hotunan kwastomomi, har da karatun Alƙur'ani da yake saurare in yana aiki.

Yana ta duban inuwar katanga, don hanyar Safana ba a yi mata wasa in la'asar ta sakaya. Da ya miƙe sai ya dafa murfin laftof ɗin ya ce, "Kin kwashe komai ko?"

"Komai."

"Komai da komai?"

"Kai, Yaya Uwaisu! Wai ni ce na yi karatun ko kai?"

Ya yi dariya ya ce Allah ya huci zuciyar Injiniya, ya tada babur ya tafi.

Kafin Linux ya hau, sai da kwamfutar ta yi mini gargaɗi ƙarara cewa duk abin da ke ciki zai goge, in tabbatar. Kun san me na yi? Hoto na ɗauka na ɗora a sitatus, na rubuta "sabuwar rayuwa" da 'yar zuciya a gefe. Sannan na danna.

Kuma wallahi abu ya yi kyau. Tsohuwar nan da take nishi kafin ta buɗe ta koma kamar yarinya. Na saka manhajar zane, na juya masa ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, kalandar manoman gyaɗa ta buɗe tas da launukanta. Na shirya masa madannai yadda zai riƙa samun ƙ da ɗ da ɓ ba tare da ya yi ta lalube ba. Har Kaka na kira ta zo ta gani, ta leƙa ta ce ita ba ta ga bambanci ba, gilashi ne dai mai haske, in dai mijinta Uwaisu zai samu na goro shi ke nan.

Kashegari da hantsi muna tsinkar zogale da Kaka sai saƙon murya ya shigo. Na goge hannu a zani, na kara wayar a kunne ina murmushi.

"Injiniya, jiya sauri ya sa na manta. In kin buɗe jerin salon haruffa, abin nan da muke ce wa font, ki duba mini wani mai suna Hannun Baba, ki ga ko ya hau lafiya. Ban taɓa ba ki labarinsa ba, so nake in ba ki mamaki. Babana ai mai fenti ne. Daga Wagini har Safana, ƙofofin shaguna da bayan a-kori-kura, duk shi ke rubutawa. Bai yi boko ba, a jikin buhunan taki ya koyi haruffa, shi ya sa nasa ba su kama da na kowa ba. Ƙugiyar ƙ ɗinsa kamar lauje take. Bayan rasuwarsa na bi duk inda rubutunsa ya rage na ɗauki hoto, na zauna ina bin su harafi-harafi har suka cika. Wayar da hotunan ke ciki da filas ɗin, su ne aka ƙwace mini da jaka a hanya bara. Motocin an sake musu fenti, shagunan kuma kin san an ƙone su. Na cikin laftof ɗin nan shi kaɗai ya rage. Ban taɓa yi wa kowa aiki da shi ba, na ajiye ne don katin bikinmu."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban ma buƙaci in duba ba. Haruffa ba sa zama a foldar aiki. A can cikin cikin Windows suke zama, daidai wurin da na goge da hannuna ina ɗaukar hoto. Kuma kada ku ce ban sani ba. Na sani, tun shekarar farko aka koya mana. Rawar kai ce kawai ta sa ban tsaya na tuna ba.

"Ke, lafiya? Kin zuba ganyen a cikin tsinken," in ji Kaka.

Na tashi na shige ɗaki. Na rubuta, "Yaya Uwaisu, akwai matsala." Na kalle shi, na goge. Na rubuta, "Ka yafe mini." Na goge. Ina ganin alamar yana kan layi yana jira. Sai yatsana ya rubuta abin da har in mutu ba zan daina jin kunyarsa ba.

"Yana nan."

"Alhamdulillah! Na san ba ki wasa."

Na ce a raina ai ba ƙarya ba ce tukuna, zan dawo da shi kafin ya zo, sai ta zama gaskiya. Haka na yi ta yaudarar kaina. Babu wuta, na yi ta jigilar laftof zuwa shagon caji a cikin hijabi. Na saka manhajar tono abin da aka goge, ta yi ta tono, ta fito mini da guntayen hotuna da rabin wata waƙar biki. Na kira wata ƙawata da muka yi karatu tare, tana aiki a Katsina. Ta saurare ni har ƙarshe ta ce, "Ruƙayya, sabon ya riga ya hau kan tsohon. Ki yi haƙuri, ko wa kika kai wa ba zai fito ba." Na zauna a bayan ɗaki kusa da turken awaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Ko tuwo ban ci ba. Umma ta ce zazzaɓi ne, Kaka ta ce ciwon da ba a sha masa magani ne.

Na yanke cewa ranar kasuwa in ya zo karɓa zan faɗa masa a zaure, ni da shi, ya yi mini duk hukuncin da ya ga dama.

Sai ga shi ya zo da mahaifiyarsa.

Ina wanke-wanke na ji sallamar mace, na ɗago na ga Inna Saude cikin dogon hijabi baƙi da ya koɗe a kafaɗa, riƙe da ƙullin wake da 'yar kwalbar man shanu. Na saki kwano na zube ƙasa.

"Ina kwana, Inna. An zo lafiya? Ya hanya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Tashi, tashi. Ya gida, ya ƙoƙari?"

Umma ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma a rumfa, suka shiga gaisuwa, ya mutanen Safana, ya tsadar nan, ya jin tsoro, Allah dai ya kawo mana sauƙi. Ni kuwa na miƙa laftof zaure ta hannun Umma, na maƙale a bayan ƙyaure ina saurare. Ina jin Abba yana tambaya, Uwaisu yana amsawa da ladabi. Wa ya yi wannan? Sun yafe da gaske? Babu wani makulli da aka fasa? Can na ji Abba ya ce, "To madalla. Wanda ya bar abin da ya saba da shi saboda magana ɗaya, ya cancanci a ba shi amana. Ka gaya wa baffanninka ina jiransu."

Abin da na yi ta roƙon Allah a kai ke nan, jama'a. Ga shi an ba ni, amma da ƙarya a bakina.

Inna Saude ta gyara zama ta ce wa Umma, "Ni hwa ba kasuwa ta kawo ni ba. Yaron nan ya ce akwai rubutun babansu a cikin na'urar, sai jiya ya hwaɗa mini. Na ce ƙahwata ƙahwarsa." Ba ta faɗin sunan Uwaisu, ɗan fari ne, balle sunan mijinta.

Abba ya ba shi izini ya shigo har bakin rumfa. Ya durƙusa ya gaida Umma da Kaka, ya ɗora laftof a kan turmin da aka kifa, ya ɗan saci kallona yana murmushi. Na so in yi magana, wallahi na so. Amma a gaban Umma, a gaban uwarsa, Abba kuma na tsaye a ƙofar zaure, ta ina zan fara?

Ya buɗe manhajar zane. Ya buɗe jerin haruffa ya gangara. Ya wuce inda ya kamata ya tsaya, ya dawo sama. Ya sake gangarawa a hankali, yana bin kowane suna da ido. Na ga murmushin yana barin fuskarsa. Ya ɗago ya dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabi, ya gane.

"Mi ya hwaru? Ta ƙi?" in ji Inna.

"A'a, Inna. Sabuwa ce, ban saba ba."

"To rubuta mini sunan babanku in gani."

Ya daɗe hannunsa na kan madannai. Sannan ya zaɓi wani salon haruffa mai ɗan karkata, irin wanda ke cikin kowace kwamfuta a duniya, ya rubuta Daudu da manyan baƙaƙe, ya juya mata gilashin.

Inna Saude ba ta iya karatun boko ba. Ta matso har hancinta ya kusa taɓawa, ta kai yatsa ta bi harafin farko a hankali. 

"Idona ne ya lalace ko? Da kamar cikin wannan ya hi haka girma."

"Gilashin ne ke rage shi, Inna."

"Haka ne kau." Ta sake shafawa, sai hawaye. "Allah sarki. Shi ne. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta." Ta share fuska da gefen hijabi ta kamo hannuna ta riƙe gam. "Ke kika adana mana shi. Allah shi yi miki albarka, ɗiyata, shi ba ki masu yi miki."

Umma ta ce amin. Kaka ta ce amin. Abba daga ƙofa ya ce amin. Ni ma bakina ya motsa, ban san me ya fita ba. Da duka aka rufe ni da shi da ya fi mini sauƙi.

Da za su tafi, Inna ta tsaya sallama da Umma, na bi shi zaure. Yana durƙushe yana naɗe laftof a darduma, bai ɗago ba.

"Yaya Uwaisu..."

"Lokacin da kika rubuto yana nan, kin sani?"

"Na sani."

Ya gyaɗa kai. Ya cusa dardumar a buhu ya ɗaure bakin da igiya, ya kwance, ya sake ɗaurewa.

"Gogewar ba komai ba ce, Ruƙayya, kuskure ne, ni ma da laifina da ban faɗa miki tun farko ba. Amma da kin gaya mini gaskiya ranar, da ban ɗauko tsohuwar nan na hau hanya da ita ba. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai yau."

"Ka zage ni don Allah. Ka ce wani abu."

"Me zan ce?" Ya miƙe ya saɓa buhun. "Aikin ya yi kyau. Ta fi sauri."

Har suka isa bai kira ba. Na tura saƙon ban haƙuri ya fi a ƙirga, duk ya buɗe, bai amsa ba. Sai yau da safe, ina shara, amsa ta shigo.

"Ban yi fushi ba. Na tuna akwai ƙofar ƙarfe ta ɗakin fentin Baba a ƙauyenmu. A bayanta yake gwada buroshi, kusan duk haruffan suna jiki. Ƙarfe ba ya ƙonewa. Zan je in ɗauko hoto in dawo."

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Ƙauyen da tun da aka tashe shi ko masu kiwo ba sa ratsawa! Ƙauyen da waɗanda suka kashe ubansa suke kwana a bayansa! Na kira, ya ɗauka, ina jin iska da ƙarar babur.

"Don girman Allah ka juyo! Zan faɗa wa Inna gaskiya da bakina, zan faɗa wa Abba, ko za a fasa auren a fasa!"

"Ta yi wa haruffan wani kuka, Ruƙayya. Ba zan bar ta a haka ba."

Layin ya yanke. Na sake kira, aka ce ba a samunsa. Daga Wagini zuwa can dama babu sabis.

Ina zaune a bakin katifa da wayar a cinya sai ga baƙuwar lamba. Na ɗauka. Muryar Inna Saude ce, ta ari wayar maƙwabta.

"Ɗiyata, kun tashi lahiya? Yaron nan ya hita tun da sassahe, ya ce na'urar ta ɗan samu matsala, wurinki za shi. Na ji gabana na hwaɗuwa ne. Ya iso?"

Na ce mata bari in leƙa zaure, na kashe.

Babu kowa a zaure, na sani, amma sai da na je na leƙa. Yanzu ga wayar nan a kan katifa tana ta ƙara, lambar nan ce dai, ni kuma na kasa kai hannu.